Ɗan kurciya ya faɗo daga sheƙa, yaya zan yi da shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu kiwon tantabara, ina neman shawara.

Iskar hadarin jiya ta watsa sheƙar kurciya a bishiyar darbejiya da ke bakin gonarmu. Kun san sheƙar kurciya, 'yan tsinke ne kawai ta jera. Na tarar da ɗanta guda a ƙasa, tururuwa sun fara hawansa. Gashinsa bai gama fitowa ba, tsiro-tsiro ne, amma ban ga rauni a jikinsa ba. Yanzu yana cikin kwali da tsumma a ɗaki.

Matsalar ita ce ci. Ɗan kurciya ba ya wage baki yana jiran abinci kamar sauran 'ya'yan tsuntsaye. Bakinsa yake cusawa cikin na uwar ko uban, su amayo masa wani abu mai kauri kamar madara da suke yi a maƙoshinsu. Na jiƙa gero na kai masa baki, ya ƙi. Ruwa kuma ina tsoron ɗura masa kada ya shaƙe.

Wani dattijo ya ce tunda na taɓa shi iyayen ba za su karɓe shi ba, ni dai ban yarda ba. Har yanzu ina ganin kurciyoyi biyu suna kewaya bishiyar.

Shin in ɗaura ƙaramin kwando a reshe in mayar da shi, ko hankaka da shaho za su riga iyayen? In kuma riƙe shi zan yi, me ake damawa, kuma yaya ake ba shi?