Masu cewa sun mutu sun je sama sun dawo: ta ina dattawa za su fara bincike?

Magatakardan Majami'a: Salama gare ku 'yan'uwa. Masu shaidar "na mutu na ga sama da jahannama" sun yawaita a WhatsApp, wasu har suna zuwa neman a ba su lasifika ranar Lahadi. Waɗanda suka san kan abin, ku taimaka mana da abin da ake dubawa kafin a amsa musu.

Sista Nas: Malam Magatakarda, ku fara da tambayar wa ya tabbatar da mutuwar. Idan zuciya ta tsaya, hankali yana gushewa cikin daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa kuma ta fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 muddin ba a danna ƙirji ba. Gawa tana fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6. Don haka mai cewa ya yi kwana uku a mutuware, a tambaye shi sunan asibiti, katinsa, likitan da ya sa hannu, da takardar shaidar mutuwa. Yawanci a nan zancen yake tsayawa.

Inda ake yawan kuskure a gida ne. Wanda sukarinsa ya faɗi, ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko farfaɗiya ta kayar da shi, bugun jininsa yakan yi rauni har ba a ji a wuyan hannu. Dangi su rufe shi da zane, a fara kuka, can ya motsa. Doguwar suma ce. Sannan allurar ketamin da ake yi wa masu tiyata a ƙananan asibitoci tana sa mutum ya ga haske, ya ji kamar ya fita daga jikinsa. A binciken da Dakta Sam Parnia ya fitar a 2014 kan mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya a asibitoci 15, an ɓoye hotuna a saman kantoci inda sai daga sama ake ganinsu, kuma ba a samu wanda ya faɗi hoton ba.

Malamin Baibul: Li'azaru ya yi kwana huɗu a kabari, amma Yahaya sura 11 ba ta kawo kalma ɗaya ta abin da ya gani ba. Bulus ya yi shekara 14 kafin ya ambaci wahayinsa na zuwa sama a 2 Korintiyawa 12, ya kuma ce abubuwan da ya ji ba a yarda mutum ya faɗa ba. A Luka 16:31 Ibrahim ya ce wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya tashi daga matattu ba zai rinjaye shi ba. Shawarata, a sa mai shaidar ya rubuta ta ko a ɗauki muryarsa, dattawa biyu ko uku su auna ta da Littafi kamar yadda mutanen Biriya suka auna wa'azin Bulus, bayan mako biyu a sake jinsa. Labarin da aka ƙirƙira yakan yi ta ƙaruwa. A Amurka, Alex Malarkey, yaron da aka buga littafi da sunansa a 2010, ya fito a 2015 ya ce bai mutu ba, bai je sama ba, kamfanin ya janye littafin.

Mama Zumunta: Malam, na yarda, amma kada a kunyata mara lafiya a gaban jama'a. Da yawa da gaske sun ga wani abu, sun tsorata, addu'a da zama da fasto suke bukata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu lissafa sunaye: wance tana wuta don 'yan kunne, wane don bai biya zakka ba. Gwauruwa tana zaune a benci a gaya mata mijinta yana jahannama! Duk shaidar da ta kama sunan mamaci, kada ta hau bagade.

Baba Dattijo: Gaskiyarki Mama. Yawancin waɗannan shaidu tsani ne, bayan wata shida sai ka ji mai ita ya zama "annabi" ya kama ɗaki. Ku tambayi wa ya naɗa shi, a ina ya yi karatu, wa zai iya dakatar da shi. Fastonmu na ECWA yana da DCC, wato majalisar gunduma ta ikilisiya, a kansa, idan ya kauce akwai inda za a kai ƙara. Takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba ta nuna kiran Allah ba, ta nuna an cika fom ne kawai. Ku duba kuɗi kuma: baiko yana shiga asusun ikilisiya mai masu sa hannu biyu ko uku, ko asusunsa na kansa?

Dabarar "annabci" tsohuwa ce. Masu tarbar baƙi su karɓi suna, unguwa da damuwa a katin addu'a, su miƙa masa. A 1986 aka tona asirin Peter Popoff, wani mai wa'azi a Amurka, matarsa tana karanta masa irin waɗannan katuna ta 'yar na'ura a kunne. A 2019 cocin Alph Lukau a Afirka ta Kudu ya nuna "tayar da" wani daga akwatin gawa, kamfanonin jana'iza suka fito suka ce yaudararsu aka yi. Kubawar Shari'a 18:22 ta ba mu ma'auni: annabcin da bai cika ba, ba daga Ubangiji yake ba, don haka ku rubuta annabcin da kwanan wata, ku jira.

Sista Nas: Baba, a ƙara da wannan. Ranar da "annabin" ya hana magani, ko ya cire yara daga makaranta, ko ya raba mutum da danginsa, lamarin ya wuce majalisar dattawa, a sanar da hukuma. Haka fasto Paul Mackenzie ya faro a Kenya, aka tono gawa sama da 400 a dajin Shakahola daga 2023. Mai hawan jini, ciwon suga ko ƙanjamau da aka ce ya warke, ya ci gaba da shan maganinsa, ya koma asibitin da ya fara gwaji a sake aunawa, ya kawo sakamakon biyu kafin a ba shi lasifika.