Wanda ya ƙi biyan sabon albashi ɓarawo ne?

Nura: Jama'a, takaici ya ishe ni. Wata huɗu ke nan da dokar ƙarin mafi ƙarancin albashi ta fara aiki. Inda nake aiki sai aka kwashe alawus ɗin sufuri aka zuba cikin albashi, aka ce ai ga shi an kai adadin. Ko sisi bai ƙaru a aljihuna ba, bashin watannin baya kuwa ba mai tayar da zancensa. Duk mai kamfanin da ya yi haka ɓarawo ne.

Alhaji Garba: Yaro, iya bakinka. Ɓarawo shi ne mai haura katanga da dare. Mutumin da ke ciyar da ma'aikata talatin ka kira shi ɓarawo?

Hauwa: Alhaji, da girmanka, mai tauye mudu ma ai ba ya haura katanga. Kuma ba ciyar da su yake ba, guminsu yake biya.

Sani Akanta: A ce mai saɓa doka, kalmar ta fi dacewa. Sata tana buƙatar a ɗauke abin da ke hannunka.

Hauwa: To wanda ya hana abin zuwa hannunka fa? A Birtaniya gwamnati na wallafa sunayen kamfanonin da suka biya ƙasa da ƙa'ida, ta sa su biya bashin, ga tara a kai. Mutumin kirki ake yi wa haka?

Alhaji Garba: Ku kullum Turai. A Amurka dala 7.25 ce a awa tun 2009, gwamnatin tarayya ba ta ƙara ba, kuma su suka ƙirƙiro abin.

Sani Akanta: Ba su ba ne, Alhaji. Niyuzilan ta riga su tun 1894, Amurka sai 1938. Jihohinsu da dama kuma sun wuce 7.25 tuntuni.

Alhaji Garba: Kai da ba ka taɓa biyan ko maigadi ba, shekaru kawai ka haddace.

Sani Akanta: Ni nake lissafa albashin masu gadin, Alhaji.

Bala: Sani, kai da ka ce sai an ɗauke abu a hannu, bashin da na ba ka bara wane suna za mu sa masa?

Nura: Don Allah, tambayata ita ce: ya halatta a haɗa alawus da albashi don a cike adadin?

Hauwa: Bari tukuna, Alhaji bai amsa zancen mudu ba.

Shugaban zaure: To, a taƙaice an fahimci cewa kalmar ɓarawo ta yi nauyi, kuma masu kamfanoni na fama da tsadar gudanarwa, kamar yadda yayana Alhaji Garba ya bayyana da kyau. Nura ya janye kalmarsa. An rufe.

Nura: Yaushe na janye?