Na tsinci tsohuwar Akai S950 a kayan gwanjo, me ya sa kalangu ya fi nauyi a cikinta?

Mai Situdiyo T/Wada:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da ɗan situdiyo a Tudun Wadar Kaduna, ɗaki ɗaya a bayan shagon yayana, inda nake buga wa masu waƙoƙin biki da masu talla kiɗa. Aikina duk da kwamfuta ne da fiyanon Yamaha PSR, irin wanda kowa ya sani.

Kwanakin baya wani abokina mai harkar kayan wuta na gwanjo ya kira ni, ya ce wani akwatin ƙarfe ya faɗo cikin kayan da aka turo masa daga Legas, in zo in duba kafin ya kai shi Panteka a auna a kilo. Ina zuwa na ga an rubuta Akai S950 a gabansa, wato na'urar da ke ɗaukar sauti ta adana, a riƙa buga shi da maɓallan fiyano. Launinsa ruwan madara ne da ya dafe saboda tsufa. Ba shi da maɓallan fiyano, sai siririn allo, da maɓallan lambobi, da wani abin murzawa, da bakin saka faifan fulofi. A baya akwai ramukan fitar sauti guda 8 daban-daban, ban da na MIDI, inda ake jona fiyano.

Na'urar tana kamawa. Allon ya dushe, sai na haska fitilar waya nake iya karanta rubutun, bakin faifan kuma ƙara kawai yake yi, ba ya karanta komai. Amma tana ɗaukar sauti. Na kira makaɗin kalangun da muke zuwa bukukuwa tare, na sa masa makirufo, ya yi bugu ɗaya, na ɗauka a cikinta na kuma ɗauka a kwamfuta. Da na jona fiyano na danna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kwamfuta fes yake, babu abin da ya ɓace. Na Akai kuwa a ƙirji yake sauka, da wani ɗan kaushi a gefensa, in kuma na gangaro ƙasa da maɓalli biyar ko shida sai kalangun ya koma wata babbar ganga mai gurnani.

Don Allah masana, me ke jawo haka? Daga ina irin waɗannan na'urori suka samo asali? Kuma in kashe kuɗi in gyara ta, ko ɓata lokaci ne?

Baba Injiniya Kawo:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, juya bayanta ka karanta wutar da aka rubuta. In 100 ce ta Japan ko 120 ta Amurka, kada ka sake jona ta a bango sai da tiransifomar rage wuta. In 220 zuwa 240 ce, to duk da haka sa mata sitabilaiza. Kayan 1988 ne a hannunka, ba za ta jure wa hawa da saukar wutarmu ba.

Ni gyaran rediyo da amfilifaya na tashi da shi, kuma a mujallun Ingila da masu kawo min gyara ke zuwa da su muka fara ganin hoton kakar waɗannan na'urori, wato Fairlight CMI. Wasu samari biyu ne na birnin Sidni a Ostareliya, Peter Vogel da Kim Ryrie, suka fito da ita a 1979. Kwamfuta ce sukutum, da talabijin mai koren rubutu, da alƙalamin haske da ake taɓa gilashin da shi a zana siffar sauti, da faifan fulofi mai faɗin inci 8. Kuɗinta daga fam 18,000 ne zuwa sama, kusan kuɗin gida a can a lokacin, shi ya sa sai irin su Peter Gabriel da Kate Bush da Herbie Hancock da Jean-Michel Jarre na Faransa ke iya taɓa ta. Duk da wannan tsada, kowace murya cikin muryoyinta 8 kilobayit 16 kawai gare ta. In ka ɗauki sauti da cikakken kyansa, ko daƙiƙa ɗaya ba ka samu. Da wannan ɗan guntun Kate Bush ta sa ƙarar fashewar gilashi a faifanta na 1980, mutane suka riƙa mamakin yadda ake kaɗa gilashi da yatsa.

Kafin nan akwai Mellotron ta wajen 1963, amma ita zaren kaset ne a ƙarƙashin kowane maɓalli, ya yi daƙiƙa 8 ya ƙare. Abin da Fairlight ta kawo shi ne mayar da sauti lambobi.

Daga nan farashi ya fara gangarowa. Dave Rossum da Scott Wedge na kamfanin E-mu a Kalifoniya suka fitar da Emulator a 1981 a ƙasa da dala 10,000, Stevie Wonder ne ya karɓi ta farko. Ensoniq Mirage ta zo a 1984 a dala 1,695. Sai Akai ta Japan ta kawo S900 a 1986, sannan taka a 1988, shekarar da suka yi na'urar haɗa kiɗa ta MPC60 tare da Roger Linn. A nan ne abin ya fita daga hannun attajirai ya shiga ɗakunan samari a Landan da Niyok, kuma kiɗan rawa da hip-hop na wancan zamani da yawa daga cikin irin akwatin nan naka ya fito. Fatboy Slim da DJ Premier duk sun yi aiki da S950.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne. Hasken allon wani siririn falle ne a bayan gilashin, ana sauya shi. Bakin faifan kada ka wahalar da kanka, ko ka gyara ina za ka samu fulofi mai lafiya a Kaduna yau? Ana cire shi a sa Gotek, mai karɓar filasha. Sai a duba kafasitocin ɓangaren wuta, duk wanda kansa ya kumbura a fitar da shi.

Malamar Fiziks Barnawa:

Baba ya gama da tarihi, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena, bari in amsa maka ta farko.

Sauti girgizar iska ce. Na'urar tana auna wannan girgiza sau dubbai a daƙiƙa, kowane awo ta rubuta shi da lamba. Abu biyu ke yanke hukunci: sau nawa take awon, kuma matakai nawa ne a ma'auninta. Faifan CD yana awo sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16, wato matakai 65,536. Taka bit 12 ce, matakai 4,096. Fairlight ta farko da Emulator da Mirage bit 8 ne, matakai 256 kacal. Kamar mai awon hatsi ne da yake da mudu amma ba shi da gwangwani: duk abin da ya faɗo tsakani, sai dai ya cika shi ko ya zubar. Wannan cikawa da zubarwa ita ce kaushin da kake ji, kuma ta fi fitowa a jelar sauti, lokacin da bugun yake mutuwa.

Amma ni a ganina ba bit ɗin ne babban dalili ba. Matakai 4,096 ba kaɗan ba ne. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda take sauya kaifin sauti. In ka danna maɓallin ƙasa a kwamfuta, lissafi take yi ta ƙirƙiro sababbin ɗigogi ta cike giɓi. S950 ba ta yin haka. Kowace murya da agogonta, rage gudun agogon kawai take yi, sai bugun ya ja tsawo, ya yi kauri, duk wani ƙurji da ke cikinsa ya buɗe. Bayan haka sautin ya bi ta filtar analog ta gaske kafin ya fito. Ka kuma duba lambar faɗin sauti da ka zaɓa lokacin ɗauka. Na'urar tana awo daga sau 7,500 zuwa 48,000 a daƙiƙa, in ka zaɓi ƙasa to ta aske kaifin sama tun daga shiga, kunne kuwa in ya rasa sama sai ya ji ƙasa ta cika.

Ma'adanarta kilobayit 750 ce in ba a ƙara mata ba, kusan daƙiƙa 10 a mafi kyawun awo. Irin wannan ƙunci ne ya sa masu SP-1200 ta 1987, wata na'urar ɗaukar sauti ta E-mu, suke juya faifan garmaho a gudun juyi 45 a minti maimakon 33, su ɗauka da sauri don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage gudun a cikin na'ura. Dabarar tsimi ce, amma kaushin da ta haifar shi ya zama sautin da ake nema har yau.

Ɗan Rigasa Bit:

Ranka ya daɗe Baba, Anti sannu da ƙoƙari. Ni dai abokina gaskiya zan gaya maka, sana'a muke yi. Wanda ya kawo maka waƙar biki yau, gobe yake so ka tura masa ta WhatsApp, kuma a sifikar waya ko ƙaramar bulutut za a saurara. Wa zai ji bambancin bit 12? Akwai manhajar RX950 da aka yi don kwaikwayon wannan na'urar, Arturia ma sun yi CMI V mai kwaikwayon Fairlight. Ka sa a kwamfuta ka wuce wurin. Ita kuwa in aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, duk abin da ba ka adana ba ya tafi.

Kuma ai fiyanon da ke gabanka ma samfur ne a cikinsa, wato ɗaukakken sauti, tun daga Korg M1 ta 1988 haka ake yi, an ɗauko sautin kayan kiɗa an zuba a ciki tun daga kamfani. Nemo Orchestra Hit, lamba 56 a jerin sautukan fiyano na General MIDI, wannan "gam!" ɗin da muke sa wa a gaɓar waƙa. Asalin salon daga Fairlight ne, guntun kiɗan Igor Stravinsky na 1910 aka yanko, Afrika Bambaataa ya sa shi a faifansa na 1982 ya bazu duniya. Abin da kake nema yana hannunka tuntuni. Ka sayar wa masu tara kayan da, ka ƙara kuɗi ka sayi infata.

Mai Situdiyo T/Wada:

Baba na gode, Allah ya ja kwana. Na duba, 220 zuwa 240 aka rubuta, alhamdulillahi. Anti, bayaninki ya warware min abin da ya tsaya min a rai, lambar faɗin sautin ma ƙasa take, haka na same ta.

Ɗan Rigasa, maganar infata gaskiya ce, kuma ban san asalin lamba 56 ba sai yau. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: sautin da ke cikin fiyanonmu wasu ne suka zaɓa, suka ɗauka, suka rufe. Ka duba jerin daga farko har ƙarshe, babu kalangu, babu kotso, babu kukuma, babu gurmi, babu algaita. Shekara da shekaru muna neman abin da ya yi kama da su muna lallaɓawa, sarewar wasu, gangar wasu. Abin da ya ja ni ga wannan akwatin shi ne a wofi yake zuwa, sai abin da ka zuba masa. Na san kwamfuta ma tana yin haka, to me ya sa ban taɓa kiran makaɗi ba sai da ya shigo hannuna? Don kwamfutar cike take da kayan wasu, kullum akwai abin da zan ɗauka ba tare da na tashi daga kujera ba.

Sai dai na ci karo da matsala. Kalangu ba bugu ɗaya ba ne. Makaɗin yana matse shi a hammata, fatar ta ɗaure, muryar ta hau, ya saki ta sauko, a nan maganar take. Da na jera bugun nan ɗaya a maɓallai na yi ƙoƙarin fitar da take, shi kansa makaɗin ya girgiza kai ya ce wannan ba ya magana. Ya yi gaskiya. Akwai nauyi, babu harshe. Baba, akwai yadda ake yi?

Baba Injiniya Kawo:

Akwai, ɗana, amma sai ka zauna da shi. Kada ka ɗauki bugu ɗaya ka shimfiɗa. Ka sa ya ba ka na sake, da na tsakiya, da na matse, kowanne ka ba shi rukunin maɓallansa, na'urar tana da wannan tsari. Sannan ka ɗauki masu motsin daban: bugun da yake matsewa bayan sanda ta sauka, da wanda yake saki, gaba ɗayansu har jela. Su kada ka taɓa kaifinsu ko kaɗan, maɓalli ɗaya sauti ɗaya. Ka ɗauki mai ƙarfi da mai taushi na kowanne, ka saita ta yadda ƙarfin yatsanka zai zaɓa. Da daƙiƙa 10 dole ka yanke duk shirun da ke gaba da baya, ka ɗan rage awon, za su shiga. Ka fitar da na ƙasa ta rami ɗaya, na sama ta wani, ka daidaita su a miksa.

Ko da ka yi duk wannan, take ba zai fita kamar na hannunsa ba. In waƙa tana son kirari, kira shi ya buga, Akai ta riƙe maka gindin kiɗan.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi min muhimmanci. Wannan fargaba ta taso a Ingila tun lokacin Fairlight, makaɗa suna ganin za a ɗauke sautinsu a daina kiransu, har mawaƙi Phil Collins ya rubuta a bangon faifansa na 1985 cewa babu Fairlight a ciki. Mutumin nan da kalangun yake ciyar da iyalinsa. In za ka adana hannunsa a filasha ka riƙa sa wa a waƙoƙin da ake biyan ka, ku yi magana tun yanzu a gaban shaida: nawa za ka ba shi na ɗauka, nawa a kan kowace waƙa, kuma ba za ka tura wa wani situdiyo ba sai da izininsa.

Maganar Gotek, wanda zai sayo maka ya tabbatar an sa masa manhajar FlashFloppy ko HxC, don tsarin faifan Akai daban yake da na kwamfuta. In ya iso ka kawo min ita Kawo ranar Asabar bayan Azahar, ka haɗo da wayar wutarta.