Kurmin Kakum da Hajiya mai ciwon gwiwa: mu je ko mu haƙura?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. A watan Disamba in Allah ya kai mu za mu zo Accra daga Kano, bikin ƙanin maiɗakina a Nima, kuma muna da rarar kwana biyu bayan biki. Yara sun ga gadar igiyar nan ta gandun dajin Kakum da ke kusa da Cape Coast a TikTok sun hana ni sakat. Damuwata Hajiyarmu ce, da ita za a zo, ta haura sittin, gwiwa na damunta, kuma ba za ta yarda a bar ta a masauki ba. Akwai hanyar ƙasa da za ta iya bi ba tare da hawa ba? Sannan da gaske ana ganin namun daji a wurin, ko kuɗin mota kawai za mu ƙona?

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka je, ba za ka yi da-na-sani ba. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 350, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, kana tafe kana kallon kan kurmi a ƙarƙashinka. Tun 1995 ake hawa. Ni har bidiyo na yi a tsakiyar ta huɗu da hannu ɗaya.

Auwal Agege: Me ya kai ka har Ghana neman gada? Ka tsaya Legas, ta Lekki mita 401 ce, ta fi tasu tsawo. Ga birai har jakarka za su buɗe maka.

Ɗan Nima: Auwal, naku lambu ne a tsakiyar gari, kana sama kana jin hon ɗin motoci. Kakum ya kai murabba'in kilomita 375, har da giwaye a ciki.

Maman Iman: Giwaye? Don Allah kar wanda ya sake ambata min giwa. Bara wani mai shirya tafiye-tafiye a Accra ya tara mu, mata goma sha da yaranmu, ya ce kuɗin da muka ba shi ya haɗa da mota, abinci, tikiti da ɗan rakiya, ya rantse za mu ga giwa da idonmu. Ya ce ƙarfe biyar na asuba mota za ta tashi, ba ta zo ba sai bakwai da rabi. Muka faɗa cunkoson Kasoa muka yi zaman dirshan. Bayan mun wuce Mankessim motar ta fara hayaƙi, direba ya shiga neman ruwa a gidajen mutane. Ba mu isa ƙofar gandun ba sai bayan azahar, ga motocin 'yan makaranta sun cika fili. A nan mutumin ya ce wai kuɗin gada daban ne, shi na shiga kawai ya lissafa. Muka sake haɗa kuɗi. Muna cikin hawan tudun ruwa ya sauko, duwatsun suka yi santsi, ƙanwata ta zame ta gurɗe ƙafa. Ni kuma na tsaya taimakonta a kan layin kwarkwasa ban sani ba, sai da na cire safa da takalmi a gaban mutane ina tsalle. Abin da muka gani na dabba ranar: ƙadangare ɗaya da malam-buɗe-littafi. Abincin da ya yi alkawari kuwa burodi ne da ruwan leda. Har yau in na kira lambarsa a kashe take. Allah ya isa, ban yafe ba.

Auwal Agege: Hajiya ai kin ga namun daji, har sun gaishe ki a ƙafa 😂

Maman Iman: Auwal ka kiyaye ni.

Malam Zango: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri. Amma Hajiya laifin na wanda ya kai ku ne. Giwar kurmi ba irin ta Yankari ba ce da za ka same ta a fili kusa da ruwa. Ƙarama ce, tana can cikin duhuwa, mai yawon awa biyu ba ya ganinta. Manoman ƙauyukan gefen gandun su ne suka san ta, don da dare take fitowa ta cinye musu rogo da masara da ayaba, har tsumma suke shafa wa barkono da baƙin mai su rataya a igiya kewaye da gona don su kore ta. Mai son ganin birai da tsuntsaye sai ya kwana Cape Coast ya yi sammako, tafiyar kilomita 30 ce ko sama kaɗan, ya shiga kafin hayaniya ta fara. Ko ya kwana a ɗakin kan bishiya da ke cikin kurmin, a fita da shi yawon dare da tocila.

Baban Khalifa: Na gode Malam. Maganar Hajiyar fa? Kuma nawa ake biya?

Ɗan Nima: Ba tsada, ni ko sidi 30 ban kashe ba.

Sadiya Tamale: Wace shekara ke nan? Mijina ɗan Nijar ne, sidi 60 ya biya shi kaɗai tun kafin korona, don kuɗin baƙo daban da na ɗan ƙasa. Wata ƙawata da ta je kwanan nan ta ce na baƙi ya wuce 100. Baban Khalifa da fasfon Najeriya zai zo, kar ka sa shi ya yi lissafin banza.

Ɗan Nima: To ya yi shiru a bakin taga surukansa su yi magana.

Malam Zango: Wannan ha'inci ne, kar a koya wa bawan Allah. Kuma ana iya tambayar katin shaida.

Sadiya Tamale: Game da Hajiya, ni na ga abin da idona. Kafin a kai gadar farko sai an hau tudu mai matakalar duwatsu, mu masu lafiya ma sai da muka tsaya hutawa. Gadar kuma faɗin katako ɗaya ce, raga ta ko'ina, tana lilo in na gabanka ya taka. Akwai gajeriyar hanya ta gada uku ga wanda ya tsorata, amma tudun ba makawa. Ni dai ba zan kai mahaifiyata ba. A ƙasa wajen karɓar baƙi akwai wurin zama da wurin cin abinci, wani ya zauna da ita a nan.

Ɗan Nima: Ni na ga tsohuwar Baturiya da sanda ta gama bakwai ɗin tas.

Sadiya Tamale: Kai da ka je sau ɗaya kana saurayi za ka faɗa mana abin da gwiwar tsohuwa za ta ɗauka? Jinya nake yi, kullum da irinsu nake wuni.

Ɗan Nima: A Tamale kike jinyar ai, ina ke ina kurmi? Ku da ko bishiyar kirki ba ku da ita sai kaɗanya.

Alhaji Kotokuraba: Ku yi haƙuri 'ya'yana. Ni a Cape Coast aka haife ni, kuma sau ɗaya na hau gadar nan, na ce in Allah ya sauke ni lafiya ba ni ba ita. Baban Khalifa, in Hajiya ba za ta iya tudu ba ka kai ta tsohon gidan tsare bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ta ga teku, ku ci kifi. Amma ku sayi ruwan roba tun daga Accra ko ku tanada da yawa. Famfonmu sai ya yi kwanaki bai kawo ba, masu galamsey, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun kashe kogin Pra, ruwan ya koma kamar kunun kanwa.

Malam Zango: Alhaji ka taɓo inda yake min ciwo. Kogin Offin ma haka, Ankobra ma haka, Birim ma haka. Gonakin koko ake turewa da katafila ana haƙar zinariya, kowace gwamnati ta zo ta yi rantsuwa ta wuce.

Auwal Agege: Ku gode wa Allah naku ruwa kawai ya ɓata. Ku tambayi Zamfara abin da zinariya ta jawo, tun daga gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara.

Maman Iman: Mu a unguwarmu jarka nawa muke saya a sati? Mai tanka ya ƙara kuɗi sau biyu bana, in ka yi magana ya ce mai ya tashi.

Baban Khalifa: Jama'a, to in mun kwana Cape Coast ɗin, akwai masauki kusa da masallaci?

Alhaji Kotokuraba: Maman Iman, nawa yake kawo muku tankar yanzu? Don mu nan abin ya wuce misali.