Ina shekarar ƙarshe a makarantar jinya, ta ina zan bi in zama ANP?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wata kaɗan ya rage mu rubuta jarrabawar kansul, wato hukumar nas da ungozoma ta ƙasa (NMCN). Burina in zama irin nas ɗin da ake kira ANP (Advanced Nurse Practitioner) a Ingila, wadda ke duba mara lafiya da kanta, ta tura shi gwaji, ta rubuta masa magani. A gida kai ya rabu. Baba ya ce in ƙara da ungozoma in samu aikin jiha, yayana ya ce in wuce digiri. Ga shi an sa ranar aurena bayan babbar salla. Don Allah da wanne zan fara?

Wani nas daga Zariya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba raina maganar Baba na yi ba, amma in dai ANP kike hari, digiri ne ƙofar. Karatun ANP matakin mastas ne, wato digiri na biyu, kuma da RN kaɗai, wato shaidar zama nas mai rajista, jami'o'inmu ba za su ɗauke ki mastas ba. Lasisinki na NMCN na fitowa ki nemi BNSc, wato digirin jinya. Ko dai ki cike DE (Direct Entry) ta JAMB ki shiga aji biyu a BUK, ABU ko Danfodiyo, ko ki yi karatu daga nesa a ABU ko NOUN, jami'ar karatu daga gida, kina aiki kina karatu. Mai shirin aure, na biyun zai fi mata sauƙi.

Wata metiron (babbar nas) mai ritaya: 'Yata, ki san abu guda tun yanzu: a tsarin aikin gwamnatinmu babu kujerar ANP. Nas a asibitin ƙauye tana duba mara lafiya, har magani takan rubuta saboda babu likita, amma takardar albashinta ba ta san da wannan ba. Abin da muke da shi shi ne kwas ɗin ƙwarewa bayan RN: ƙashi a Dala, ido a Kaduna, ƙwaƙwalwa a Barnawa ko Kware, ga na tiyata, na yara da na gaggawa. A sama kuma akwai kwalejin ƙwararrun nas da ungozoma ta Afirka ta Yamma.

Kada kuma zumuɗin takarda ya sa ki guje wa dutin dare. A nan ne za ki koyi samo jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, ki gane numfashin tsoho ya canja da ƙarfe uku na dare tun kafin na'ura ta yi ƙara. Na sha ganin masu mastas hannunsu na rawa a kan kanula, allurar da ake sa wa a jijiya. Ungozomar da mahaifinki ya ce wata 18 ce kawai ga mai RN, kuma a Arewa mai ita ba ta rasa aiki.

Wata 'yar uwa daga Ingila: Mama ta gama magana. Nan ma ba a sauka daga jirgi a zama ANP. Sai kin yi rajista da NMC, hukumar nas ta nan: jarrabawar Turanci ta IELTS maki 7, rubutu 6.5, ko ta OET, sannan jarrabawar kwamfuta ta CBT, sai ta gwajin aiki, OSCE, bayan kin iso. A matakin albashi daga band 5 ake farawa, ANP kuwa band 7 ne ko 8a. Sai kin kwashe shekaru a fanni ɗaya kafin ki shiga mastas ɗin, yawanci shekara 3 ana yi ana aiki, da kwas ɗin rubuta magani, V300. Nijeriya na cikin ƙasashen da aka hana NHS, hukumar lafiya ta nan, zuwa ɗibar ma'aikata, amma ke da kanki kina iya neman aikin kai tsaye. Duk ejan da ya ce ki biya shi ya samo miki gurbi, ki riƙe kuɗinki.

Wata sista daga Kano: Ku bar ta Ingila tukuna. Maganar dutin dare da karatu, a yi ta gaban waliyyai kafin ɗaurin aure. 'Yan ajinmu da dama lasisinsu na cikin akwati.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ke nan in na yi ungozoma ban ɓata lokaci ba?

Wani nas daga Zariya: Ba ki ɓata ba, amma kada ki haɗa ta da digiri lokaci guda, ungozoma akwai fostin, wato turawa asibiti koyon aiki, da kwanan ɗakin haihuwa. Ki gama ta, ki kama aiki, ki cike fom ɗin digiri a shekarar. Turanskirif ɗinki kuma, wato takardar sakamakon karatunki, ki nema tun kina makaranta, shi ne ke cin watanni.