Muhawara: Aikin Shugaba Ne Ke Bar Masa Suna, Ko Magoya Bayansa?

Auwalu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana sosa mini rai game da shugabannin Amurka, kuma ina so a saurare ni da kyau kafin a yanke mini hukunci. Sunan da shugaba yake bari bayan ya sauka, a ganina, masu kuɗi da magoya baya ne suke gina masa shi. Tun daga Franklin Roosevelt, wanda aka buɗe ɗakin adana takardunsa a Hyde Park a 1941, kusan kowane shugaba yana tara gudummawar attajirai ya gina katafaren gini da sunansa, a tsara labarin mulkinsa yadda ransa yake so, sannan a miƙa wa hukumar adana tarihi ta ƙasa ta ci gaba da kula da shi da kuɗin jama'a. Richard Nixon ya yi murabus a 1974 saboda badaƙalar Watergate, wato kutsen da mutanensa suka yi a ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe maganar, amma da aka buɗe nasa ginin a Yorba Linda a 1990, sashen da ya yi magana a kan badaƙalar kare shi ya yi, kuma ba a gyara ba sai bayan da hukumar ta karɓi wurin a 2007. Tushen wannan duka shi ne mutanen da suka mayar da siyasa sana'a. An zaɓi Joe Biden sanata a 1972 yana da shekara 29, bai bar fagen ba sai a watan Janairun 2025. Wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana neman ƙuri'a ba zai yi wani aiki ba sai wanda zai kawo masa ƙuri'a, idan ya sauka kuma abokan sana'arsa su taru su wanke shi.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Ina so ka fara gaya mini yaushe sana'a ta zama abin zagi, domin yadda ka furta kalmar kamar wani abin kunya kake nufi. Idan ciwo ya kama ka, likitan da ya daɗe yana aiki za ka nema, ba wanda ya fara jiya ba, to me ya sa mulkin ƙasa mai mutane sama da miliyan 300 ne kaɗai ake so a danƙa wa wanda bai san kan aikin ba? Lyndon Johnson ya shiga majalisar wakilai a 1937, ya koma majalisar dattawa a 1949, ya zama shugaban masu rinjaye a 1955. Wannan doguwar zama ce ta sa ya san halin kowane sanata da abin da yake tsoro, kuma da ita, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya samu dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin kaɗa ƙuri'a ta 1965 suka wuce, bayan shekara da shekaru sanatocin kudanci suna toshe duk wani yunƙuri irin wannan. Baƙar fatar Amurka da suka samu damar zaɓe ba za su kira sana'ar Johnson abin kunya ba.

Sagir:
Hajiya, da girmamawa, kin juya maganar. Sana'a abu ce da ake yi domin a samu abin sawa a aljihu, kuma wannan shi ne abin da ɗan'uwa Auwalu yake nufi. Shugabanci amana ce, wanda ya mayar da amana hanyar samun riba kuwa ya riga ya ci ta. Idan daɗewa a cikin gwamnati ce take samar da shugaba nagari, to James Buchanan ya kamata ya zama gwarzon shugabannin Amurka, tunda ya yi ɗan majalisar wakilai, ya yi sanata, ya yi sakataren harkokin waje, ya yi jakada a Rasha da Ingila. Amma a idonsa jihohin kudu suka fara ɓallewa yana zaune bai iya komai ba, har ya sauka a 1861. Shi ya sa Amurkawa suka zaɓi Donald Trump a 2016, mutumin da bai taɓa riƙe kowane muƙamin gwamnati ba, suka kuma sake zaɓensa a 2024. Jama'a sun gaji da waɗannan mutane.

Barista Nasiru:
Sagir, ma'anar da ka ba kalmar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Malamin makaranta ma yana karɓar albashi, kuma babu wanda ya ce ya ci amanar ɗalibai saboda haka. Sannan ka kawo Buchanan ka yi shiru a kan wanda ya gaje shi. Abraham Lincoln ya fara neman kujera tun a 1832, ya yi zango huɗu a majalisar jihar Illinois, ya yi zango ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, ya nemi kujerar sanata a 1858 bai samu ba. Idan wannan ba ɗan siyasa na sana'a ba ne, to wane ne? Ga kuma Herbert Hoover, injiniya ne da ya yi arziki a harkar ma'adinai, bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba kafin ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1928, kuma a hannunsa tattalin arziki ya durƙushe daga 1929.

Sagir:
Lincoln lauya ne, Barista, kuma kai ne ya fi dacewa ka san haka. Yana da aikin da yake komawa idan ya faɗi zaɓe, saboda haka siyasa ba sana'arsa ba ce. Na lura duk lokacin da aka ambaci Trump a zauren nan sai ka fito da sauri.

Barista Nasiru:
Ban ambaci sunan Trump ko sau ɗaya ba, kai ne ka shigo da shi. Idan kuma riƙe takardar lauya yana fitar da mutum daga sahun 'yan sana'ar siyasa, to Biden ma lauya ne, Nixon ma lauya ne, Buchanan ɗin naka ma lauya ne, ka ga ba sauran wanda Malam Auwalu zai yi kuka da shi.

Baba Isyaku:
'Ya'yana, ku bar jayayya a kan lauyoyi. Ni abin da na sani shi ne mafi alherin shugabannin wannan ƙasa sojoji ne, mutanen da suka koyi ladabi da biyayya kafin su koyi neman ƙuri'a. George Washington ya yi zango biyu ya koma gonarsa a 1797 alhali babu dokar da ta tilasta masa, domin gyaran tsarin mulkin da ya taƙaita shugaba ga zaɓe biyu sai a 1951 aka tabbatar da shi. Dwight Eisenhower bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba kafin 1953, kuma shi ya sa hannu a dokar 1956 da ta shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. Malaman tarihi sun sa shi na 22 a ƙidayar jera shugabanni bisa nagarta da aka yi a 1962, amma a ƙidayar tashar C-SPAN ta 2017 ya zama na 5. Gaskiya ce ta yi halinta. Ulysses Grant ma janar ne, kuma shi ya murƙushe ƙungiyar Ku Klux Klan, ta farar fata masu kai wa baƙaƙe hari, a zamaninsa.

Malama Zainab:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba zan yarda da wannan ba. Gwamnatin Grant, daga 1869 zuwa 1877, ta yi ƙaurin suna wajen cin hanci, har sakataren yaƙinsa ya yi murabus a 1876 saboda zargin karɓar rashawa, kuma dalili shi ne Grant ya amince da mutanen da gogaggen ɗan siyasa zai gane su tun daga nesa. Ya tashi daga na 33 a ƙidayar C-SPAN ta 2000 zuwa na 20 a ta 2021 ne saboda malaman tarihi na yanzu sun fi ba da muhimmanci ga kare haƙƙin bayin da aka 'yanta, ba don kakin soja ba. Grant bai ƙara wani aiki ba tun da ya rasu a 1885, ma'aunin masu aunawa ne ya sauya. Irin wannan sauyin ne ya sa jami'ar Princeton ta cire sunan tsohon shugaba Woodrow Wilson daga makarantarta ta nazarin harkokin mulki a 2020 saboda wariyar launin fata, bayan an daɗe ana ɗaukarsa gwarzo. Ni kam wanda nake girmamawa a cikinsu duka shi ne Jimmy Carter, manomin gyaɗa da ya yi zango ɗaya tak.

Sagir:
To ai kin dawo kan maganata, Malama, tunda da bakinki kika kira shi manomi. Sai dai Carter shugaba ne mai rauni, an yi garkuwa da Amurkawa a Tehran har kwana 444 bai iya kuɓutar da su ba, kuma Ronald Reagan ya kayar da shi warwas a 1980. Babbar matsalar ita ce tsofaffi sun ƙi matsawa. Strom Thurmond ya bar majalisar dattawa a 2003 yana da shekara 100, Robert Byrd ya yi shekara 51 a cikinta har ya rasu a kan kujera a 2010, John Dingell ya yi shekara 59 a majalisar wakilai. An taƙaita wa shugaban ƙasa wa'adi, amma su sun ƙi taƙaita wa kansu, da wasu jihohi suka yi yunƙurin yi musu kuma kotun ƙoli ta hana a 1995.

Baba Isyaku:
Sagir, ka kula da harshenka. Tsufa ba laifi ba ne, kuma idan Allah ya ja kwananka kai ma za ka iso. A zauren nan akwai sa'o'in mahaifinka, bai dace ka riƙa cewa tsofaffi su matsa ba. Trump ɗin da kake yabo ma yana da shekara 78 lokacin da aka sake rantsar da shi.

Sagir:
Baba, da sanatocin Amurka nake, ba da kai ba, kuma ina nan a kan bakana game da su.

Malama Zainab:
Carter ya yi sanatan jihar Georgia, ya yi gwamnanta daga 1971 zuwa 1975, saboda haka kada ka saka shi a sahunka don na ambaci gona. Kuma kiran sa mai rauni rashin adalci ne. Shi ya zaunar da Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a Camp David, wurin hutun shugabannin Amurka, a 1978 har aka samu yarjejeniyar da Masar da Isra'ila suke kanta zuwa yau. Bayan ya sauka ya kafa cibiyarsa a 1982, ta shiga yaƙi da cutar kurkunu a 1986 lokacin da ake ƙiyasta masu ɗauke da ita sun kai miliyan 3.5 a shekara, yanzu kuwa waɗanda suke kamuwa a duniya baki ɗaya ba su kai 20 a shekara ba. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2002, ya rasu a watan Disambar 2024 yana da shekara 100. Babu attajirin da ya saya masa wannan suna, da ƙafarsa ya shiga ƙauyukan da cutar take.

Hajiya Rabi:
Na goyi bayan Malama Zainab, kuma har yanzu ba wanda ya amsa tambayata game da kalmar sana'a. Ina ganin ya kamata Malam Auwalu ya janye ta.

Auwalu:
Ba zan janye ba, Hajiya. Na kawo maganar gine-ginen da attajirai suke biya da kuma yadda ake wanke shugabanni, amma kowa ya kama kalma ɗaya ya tafi da ita. Johnson ɗin da kike yabo shi ne ya tura sojoji sama da dubu 500 zuwa Vietnam, har ya kasa sake tsayawa takara a 1968, kuma ban ji kin ambaci wannan ba. Harry Truman ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, farin jininsa ya faɗi zuwa kashi 22 cikin ɗari a 1952, amma yau ana saka shi cikin goma na farko. Wa ya wanke shi?

Barista Nasiru:
Shirin Marshall na 1948 da ya farfaɗo da Yammacin Turai, da kafa ƙungiyar NATO a 1949, da umarnin da ya bayar a 1948 na kawar da wariyar launin fata a rundunar soja, su ne suka wanke shi, domin amfaninsu bai bayyana ba sai bayan shekaru. Kuma tun da aka yi dokar 1978 takardun mulkin shugaba mallakar jama'a ne, masu bincike suna iya neman su ko iyalansa suna so ko ba sa so.

Baba Isyaku:
Kada a manta Truman ma ya yi soja, ya jagoranci masu harba igwa a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko.

Malam Habibu, mai kula da zaure:
Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna domin waɗanda ba su samu bibiya ba. Malam Auwalu ya yi ƙorafi a kan masu daɗewa a siyasa, amma Hajiya Rabi da Barista Nasiru sun nuna da hujjoji masu ƙarfi cewa gogewa ita ce ginshiƙin shugabanci nagari, kamar yadda tarihin Lincoln da Johnson ya tabbatar. Malama Zainab ma ta ƙarfafa wannan da misalin Carter, wanda ya yi gwamna kafin ya zama shugaba. Ɗan'uwa Sagir ya kawo misali ɗaya na Buchanan, sauran maganarsa kuwa son Trump ne ya rinjaye ta, kuma muna fatan zai nemi afuwar Baba Isyaku. A fahimtata zauren ya amince cewa siyasa sana'a ce mai daraja, kuma an rufe wannan batu.

Malama Zainab:
Allah gafarta Malam, ba haka na ce ba. Na ce ma'aunin malaman tarihi yana sauyawa da zamani, na kuma ce mafi yawan sunan Carter ya same shi ne bayan ya bar mulki. Ban danganta shi da kujerar gwamna ba, don Allah a gyara.

Auwalu:
Ni ma ban amince da wannan taƙaitawa ba, Malam Habibu. Ka tsallake Vietnam, ka tsallake shekara 51 ta Byrd, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini dalilin da ya sa aka bar sashen Watergate na ginin Nixon yana kare shi tun daga 1990 har sai da hukuma ta karɓi wurin.