Neman kalmar Hausa: kubar ƙofa mai hannun da ake dannawa

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. An ba ni fassarar takardar bayanin da ake sakawa cikin kwalin makullin ƙofa, wadda ke koya wa mutum yadda zai ɗaura shi da kansa, kuma ranar Alhamis za a kai ta ɗab'i. Irin makullin nan ne mai dogon hannu da ake dannawa ƙasa, wanda masu sayarwa ke kira liba handul, saɓanin mai dunƙulallen kai da ake murɗawa. Ina neman sunansa gaba ɗaya, sannan sunayen abubuwa huɗu: ƙarfen da ke leƙowa daga gefen ƙyaure, sanda mai kusurwa huɗu da ke haɗa hannayen biyu, farantin da ake kafawa a jikin firam ɗin ƙofa, da tazarar da ke tsakanin gefen ƙyaure da tsakiyar babban ramin da ake hudawa a fuskarsa, wadda takardar ta ce ko milimita 60 ce ko 70.

Tsohon kafinta: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kira shi makulli, domin mai karatu zai ɗauka ɗan ƙarfen da ake sawa a aljihu kike nufi, kuma ba kwaɗo ba ne, tunda kwaɗo ratayawa ake yi. Abin da ake fafe ƙyaure a dasa a ciki kuba ce, saboda haka ki ce kuba mai hannu. Ƙarfen da ke leƙowa kuwa harshe muke ce masa. Fuskarsa ɗaya a karkace take, kuma wajibi ne wannan fuskar ta kalli inda ƙofa take nufa idan za ta rufe, domin idan aka juya shi, sai dai ƙyaure ya yi ta dukan firam, harshen ba zai koma ciki ba. Ki kuma bambanta shi da sakata, wadda ba ta da sifirin, kanta a miƙe yake, kuma ba ta motsi sai an juya makulli.

Ɗalibin injiniya: Baba, na yarda da kuba da harshe, amma kuba mai hannu ba ta raba gardama, domin mai dunƙulallen kan ma hannu ake kiransa. Bambancin kuwa ba na ado ba ne. Dogon hannu ana iya buɗe shi da gwiwar hannu, shi ya sa ƙa'idojin gini da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 suka buƙaci abin da ake buɗewa da hannu ɗaya ba tare da damƙa ko murɗa ba, kuma birnin Bankuba na Kanada ya wajabta shi a sababbin gine-gine. Ni dai shawarata a ce kuba mai liba, tunda kowane direba da kowane bakanike ya san liba.

Malamin nahawu: Subhanallahi. Tun daga tambayar nake ƙirga bare: firam, liba, handul, sifirin. Anya Hausa za a fassara takardar nan zuwa gare ta, ko kuwa Turanci za a sa wa hula? Harshenmu yana da hanyar ƙirar sunan kayan aiki, wato a sa ma a farko a ƙare da wasalin i, kamar yadda buɗe ya ba da mabuɗi, riƙe ya ba da mariƙi. Hannun nan sunkuyawa yake yi idan an taɓa shi, sannan ya miƙe da kansa, saboda haka na raɗa masa suna masunkuyi, kubar kuma ta zama kuba mai masunkuyi. Na daɗe ina amfani da kalmar a aji, kuma babu ɗalibin da ya taɓa yi mini musu.

Ma'aikaciyar rediyo: Allah ya gafarta Malam, ɗalibi ba ya musu da mai ba shi maki. Matsalar masunkuyi ita ce siga ɗaya ce da ta sunan aikau, irin su maɗinki da manomi, kuma karin sauti kaɗai ke raba su, domin sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, na aikau kuwa yana sauka a tsakiya. Tunda ba ma rubuta karin sauti, duk wanda ya ga masunkuyi a takarda mutum zai hango ya duƙa. Bayan haka, mabuɗi abin da ake buɗewa da shi ne, mariƙi abin da ake riƙewa da shi ne, to me ake sunkuyawa da masunkuyi? Idan dole sai an ƙera, madanni ya fi kusa, sai dai masu kwamfuta da waya sun riga sun karɓe shi.

Malamin nahawu: Hajiya, ku ma'aikatan rediyo ku ne kuka buɗe wannan ƙofa, domin duk kalmar da ta gagare ku kafin lokacin labarai sai ku lanƙwasa ta Turanci ku watsa wa duniya. Larabawa sun kafa majalisar harshensu a Alƙahira tun 1932, Tanzaniya ta kafa ta Suwahili a 1967, mu ma an kafa mana Hukumar Harshen Hausa a 1955, amma ga shi yau ana neman hannun ƙofa ya fi ƙarfinmu. Wanda bai ƙera wa harshensa kalma ba, wata rana zai wayi gari ba shi da harshen.

Tsohon kafinta: Malam, ni da nake magana sunan sana'ata ma aro ne, kuma ban ji ka nemi a canza shi ba. Takardar nan mutum zai riƙe ta a hannu ɗaya, sukundireba a ɗayan, ƙofarsa a buɗe da rami a jiki, ba lokacin da zai nemi ƙamus ba ne. Mu koma kan sandar nan. Yawanci kaurinta milimita 8 ne kowane gefe, tana bi ta wani rami mai kusurwa huɗu a jikin kubar, idan aka danna hannu ta juya sai ta ja harshe ciki. Idan ta yi wa kaurin ƙyaure tsawo, hannayen ba za su kwanta a jikin katako ba sai an rage ta da zarton ƙarfe, idan kuma ta gaza, wata rana za a danna hannu ya tafi a banza mutum yana cikin ɗaki. Mu ƙarfen tsakiya muke ce mata.

Malamin nahawu: Ƙarfen tsakiya kwatance ne, ba suna ba. Tunda aikinta ratsa ƙyaure daga wannan fuska zuwa waccan, sunanta maratsi. Farantin jikin madogarin ƙofa kuwa, wanda kuke ce wa firam, wuri ne da harshe ke shiga, saboda haka sigar sunan wuri ta dace da shi, a ce mashigar harshe.

Ma'aikaciyar rediyo: Waɗannan biyun kam sun shiga kunne, Malam, musamman mashigar harshe, domin mashiga tsohuwar kalma ce da ba ta bukatar bayani. Maratsi ma zan iya faɗinsa a iska ba tare da na tsaya ba.

Ɗalibin injiniya: Har yanzu ba a taɓa tazarar nan ba, alhali ita ce ke lalata ƙofa idan aka yi kuskure. Daga gefen ƙyaure ake aunawa zuwa tsakiyar ramin, ba zuwa bakinsa ba, kuma a irin wannan kuba faɗin babban ramin milimita 54 ne, na harshe a gefe kuwa kimanin 25. Wanda ya huda a kan 70 alhali harshensa na 60 ne, maratsi ba zai sami ramin da zai bi ba. Ko za a ce tazarar baki?

Tsohon kafinta: A'a ɗana, tazarar baki za ta sa a auna zuwa bakin rami, wato kuskuren da kake gudu ke nan. A rubuta shi da tsawonsa, nisan tsakiyar rami daga gefen ƙyaure, ko da zai ci layi guda. Malama, ki duba ko takardar ta ce a huda babban ramin ta fuska biyu, wato a tsaya da zarar tsinin abin hudawa ya leƙo a koma ta baya, don kada katako ya tsage, kuma a gwada hannun ƙofa tana buɗe kafin a rufe ta.

Mai fassara: Duka biyun suna ciki, Baba, na gode. Ga abin da zan miƙa: harshe, sakata, maratsi da mashigar harshe, tazarar kuma zan rubuta ta yadda Baba ya faɗa. Sunan kubar shi ne ban gamsu ba, amma lokaci ya ƙure, don haka zan sa kuba mai hannun dannawa, tunda ita ce ba wanda zai fahimce ta a baibai. Malam, ka yi haƙuri, masunkuyi ba zai shiga ba.

Malamin nahawu: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa, amma takardarki ce, Malama. Ni dai zan ci gaba da koyar da masunkuyi. Firam fa, me kika yanke a kansa?

Mai fassara: Zan sa madogarin ƙofa a farkon ambato, sauran wuraren kuwa firam zan bari, domin ya fito sau da yawa kuma shafin ƙarami ne.

Malamin nahawu: Wannan kam ban amince da shi ba, kuma a rubuta cewa ban amince ba.